Tafiyarmu Zuwa Ƙasar Zamfara Da Bashin Da Na Dawo Da Shi

 Ranar da editan wannan mujalla ya same ni a ɗakin malamai, cewa ya yi in rubuta labarin tafiyar da muka yi ƙasar Zamfara, tun da 'yan aji shida sun sha jin ina ambatarta a taron zumuntar ɗalibai. Na amsa masa da sauri, don a ganina labari ne da na haddace. Na ba da shi a majami'a, na ba da shi a taron zumuntar mata, ko'ina kuwa an tafa mini. Sai da na zauna da biro da takarda na lura cewa abin da na saba bayarwa rabin labari ne, wato rabin da ke da daɗin ji. Wannan karon zan haɗa da ɗaya rabin. Ba zan ambaci sunan kowa ba, ko sunan ƙauyen da abin ya faru, dalili kuwa zai bayyana a gaba.

Kwana biyu bayan Kirsimeti na 2013 muka tashi, mu goma sha ɗaya cikin bas ɗin ikilisiya: likita ɗaya, nas biyu, wani ma'aikacin ɗakin gwaji, mai bishara, matasa huɗu, direba, sai ni. Zumuntar mata sun yi wata uku suna tara baiko na musamman, da shi aka sayi kwalayen magani: na zazzaɓin cizon sauro, na tsutsar ciki, ƙwayoyin ƙarin jini na masu ciki, garin gishiri da sukari na masu gudawa, da gidajen sauro. Ban da waɗannan akwai wani ƙaramin kwali da likita ya ajiye ƙarƙashin kujerarsa, na kayan gwajin ƙanjamau. Ni dai ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, alli da allo na sani. An ɗauke ni ne don in riƙe rajista, in kuma yi tafinta, saboda babbar nas ɗinmu Hausarta ta kasuwa ce, kuma ana bukatar mace wadda za ta iya shiga cikin gida inda maza ba sa shiga.

Muka bi ta Zariya, Funtuwa, Tsafe, Gusau, daga nan muka miƙe arewa, tafiyar kusan kilomita 60, muka isa Kaura Namoda da la'asar sakaliya, hazo ya rufe gari. 'Yan aji uku da muka yi labarin ƙasa tare za su tuna cewa nan ne hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Zariya ta tsaya a 1929, don kwasar gyaɗa da auduga. Na ga tashar da idona, amma ban ga jirgi ba. A Kaura hanya ta rabu biyu: ɗaya ta yi Zurmi har ta ɓulle Jibiya da Katsina, ɗaya ta bi ta Moriki zuwa Shinkafi. Tsakanin waɗannan hanyoyi biyu muka yi kwana tara muna kai da kawowa, kullum mu kwana a harabar wata ƙaramar majami'a a cikin Kaura. Tun ranar farko Hausar da nake taƙama da ita ta sha kunya. Na tambayi wata tsohuwa sunanta, sai ta juyo da tambayar, ta ce, "Ke mi as sunanki?" Sai da na yi kwana biyu kafin kunnena ya saba da munka da sunka da tahiya.

Daren da muka sauka, faston wurin ya tara mu ya yi mana magana. Ya tuna mana cewa tun watan Oktoba na 1999 jihar ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, shekara uku ke nan bayan an cire ta daga jihar Sakkwato, kuma shi da 'yan ikilisiyarsa, yawancinsu 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗaliban kwalejin fasaha ta tarayya, su za su ci gaba da zama a garin bayan mun koma. Saboda haka ya ce a bar lasifika cikin mota, kada a raba takardun bishara a layin magani, kuma duk ƙauyen da za mu shiga sai mun fara gaida hakimi ko dagaci, da takardar izni daga sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Wanda ya tambaye mu dalilin zuwanmu, mu faɗa masa gaskiya, wanda ya roƙi addu'a mu yi masa. Matasanmu ransu bai so ba. Ɗaya ya ce to me ya bambanta mu da ma'aikatan gwamnati? Mai bishararmu, dattijo ne, ya ce masa ai da wannan ƙofa aka fara shigowa. Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan aiki a ƙasashen sarakuna, sai wajen shekarun 1930 aka bar mishan ɗin SIM ta kula da kutare, a wurare irin su Amanawa ta Sakkwato, Babbar Ruga ta Katsina da Yadakunya ta Kano. Ya ce waɗancan mutane wankin gyambo suka yi shekara da shekaru. Na riƙe wannan magana ta shekara da shekaru, ko da yake a daren ban gane nauyinta ba.

Abin da muka tarar a ƙauyuka ba zai rubutu duka ba. Kafin mu gama kafa tebur layi ya kai bakin kasuwa. Yawanci zazzaɓi ne da tari da gudawa, sai yara masu tamowa, gashi ya yi ja, ƙafa ta kumbura, ga shi kuwa kaka ce, rumbuna cike da gero. A wani ƙauye an kai mu asibitin sha-ka-tafi, ɗaki biyu, rufin ɗaya iska ta yaye. A kan kanta babu komai sai auduga da wata kwalbar maganin shafawa. Wanda ya ji ciwo kemis yake zuwa, a yi masa allura gwargwadon kuɗinsa, in kuɗin rabin magani gare shi a yanka masa rabi. Wanda bai da ko wannan sai jiƙo da rubutu. Haihuwa kuwa a ɗaka ake yi, hannun ungozoma. Ran nan da azahar aka kawo mana wata yarinya a amalanken shanu, kwana biyu tana naƙuda. Likitanmu ya duba ya ce wannan aiki ne na tiyata, ba abin da zai iya yi mata a ƙarƙashin bishiya. Muka sauke kwalaye, direba ya kwashe ta zuwa babban asibiti. Ita ta rayu, ɗan bai zo da rai ba. Babbar nas ta ce mini irin wannan doguwar naƙuda ita ke barin mata da yoyon fitsari, don kan jariri yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu. Sau uku cikin kwana tara wata mace ta tsaya can nesa da layi, ba ta matso ba sai da kowa ya watse, kuma tun kafin ta yi magana mun san abin da ya kawo ta.

Duk wannan na iya ɗauka. Teburin da na riƙa kauce wa shi ne na gwajin ƙanjamau, wanda ake kafawa a keɓe, bayan zana. Dalilina kuwa na gida ne, ban taɓa faɗarsa a gaban jama'a ba sai yau, bayan na nemi iznin mahaifiyarmu.

Yayata, wadda nake bi, ta rasu a 1998, ina da shekara goma sha takwas. An dawo da ita daga birni ta rame har ba a gane ta, ga tari, ga gudawa da ba ta tsayawa. A gida muka ce taifot ne, wasu dangi suka ce sammu. Amma kowa ya sani, don a lokacin sunan da ake kiran ciwon a unguwa shi ne kabari kusa. An ware mata kwano da kofi da cokali, ni ce kuma mai wanke su, da ruwan zafi, can bayan ɗaki, ina toshe hanci. Ta taɓa roƙona in yi mata kitso, na ce hannuna na ciwo. Ba wanda ya gaya mini cewa ƙwayar cutar ba ta bin kwano ko kitso ko gaisuwa ko cizon sauro, cewa ta jini take bi, da saduwa, da kuma daga uwa zuwa ɗa. Ko da an gaya mini ma, magani babu. An fara ba da rahoton ciwon a Nijeriya a 1986, amma sai 2002 gwamnatin tarayya ta fara shirin ba da magungunan da ke danne ƙwayar cutar, shi ma da biyan naira dubu a wata, sai 2006 aka mai da shi kyauta. Shekara huɗu ke nan tsakanin kabarin yayata da ƙwayar maganin farko. A wa'azin jana'izarta ba a ambaci abin da ya kashe ta ba, kuma mun gode wa faston da bai ambata ba.

To, ranar 31 ga Disamba muna wani ƙauye a ƙasar Zurmi, wajen tafiyar awa guda a kan turɓaya bayan an sauka daga kwalta, sai babbar nas ta aiko a kira ni bayan zana. Duk mai ciki da ta zo awo ana yi mata bayani, in ta yarda a ɗiga jinin yatsarta a kan wata 'yar takarda, a jira minti goma sha biyar. Layi ɗaya lafiya, layi biyu akwai magana. Tun da muka fara mata fiye da ɗari aka auna, duka layi ɗaya. Wannan karon biyu ne. Ma'aikacin gwaji ya sake da wani kayan gwajin na daban, kamar yadda ƙa'ida ta ce, ya fito daidai da na farko.

Yarinya ce da ba ta fi shekara goma sha tara ba, cikin wata shida, da lalle a hannu. Nas ta yi magana da Turanci, ni kuma aka bar ni da juyawa. Na yi shekaru ina koyar da yara yadda ake fassara, amma ran nan na rasa kalma. Na ce mata an ga wata ƙwayar cuta a jininta mai raunana garkuwar jiki. Ta ce, "Wace iri?" Na faɗi sunan. Ba ta yi kuka ba. Ta dubi ƙasa, ta daɗe, sa'an nan ta ce, "Ɗiyan da ke cikina fa?" Nas ta ce in gaya mata cewa in ba a yi komai ba, cikin jarirai ɗari da irin waɗannan uwaye ke haifa, tsakanin 15 da 45 suna ɗauka, ko a ciki, ko wajen haihuwa, ko a nono. Amma in uwa ta fara shan magani tun da ciki ba fashi, aka kuma ba jariri nasa na ruwa da zarar an haife shi, ba sa kai biyar. Na faɗa mata haka, na ga ta ɗan ɗago kai.

Daga nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ba nas ce ta sa ni ba, ni ce da kaina na ce, "Mijinki yana zuwa ci-rani? Ina yake zuwa?" Akwai malamin asibitin ƙauyen a tsaye gefe, wani Musulmi mai furfura a gemu, shi kaɗai ne ma'aikacin lafiya a wannan yanki. Ya ce, "Malama, wannan tambaya magani ce?" Na yi shiru. Daga baya ya ja ni gefe ya ce wannan aurenta na biyu ne, mijin farko ya rasu, an kuma taɓa yi mata ƙarin jini a wani wuri da ba a san yadda ake tace jini ba, shi mijin na yanzu ma yana da uwargida. Ya ce ta ina za ka fara neman mai laifi, kuma in ka same shi me za ka yi da shi? Ni da nake koyar da Yohanna sura 9 kowace shekara, inda almajirai suka ga makaho suka fara da tambayar zunubin wane ne, sai ga ni na yi tambayar almajirai, wani kuma ya gyara mini.

Da muka fito, uwar mijin tana zaune bakin zana tana jira. Ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, mi anka gani?" Na ce ƙarancin jini ne, sai an riƙa kai ta awo babban asibiti. Jinin nata kuwa da gaske ya yi ƙasa, nas ta rubuta. Amma na san abin da na yi, na faɗi ƙaramar gaskiya don in rufe babba. Ɗalibaina sun san yadda nake da zafi a kan ƙarya. Na yi ta juya wannan a raina shekaru, kuma inda na tsaya shi ne, in aka sake mai da ni bakin zanan nan, abin da zan faɗa ke nan. Sirrin na yarinyar ne, ba nawa ba, kuma kalma ɗaya daga bakina tana iya mai da ita gidan ubanta kafin magariba, da saki a hannu da suna a gari.

Likita ya rubuta mata takardar zuwa babban asibiti, muka ɗauka mun gama namu. Malamin asibiti ya karɓi takardar ya jujjuya ta, ya ce, "Ku kun taho da abin awo, kun auna, gobe kun tahi. Mu anka bari da ita. Wa za ya kai ta?" Sa'an nan ya lissafa mana. Magani kyauta ne, gaskiya. Amma sai ta nemi iznin miji, ta faɗi dalili. Sai kuɗin kabu-kabu zuwa bakin kwalta, da na mota zuwa gari, ita da 'yar rakiya, zuwa da dawowa, kowane wata. In ta isa, wata rana a ce mai ba da magani bai zo ba, ko na'urar auna ƙarfin garkuwar jiki ta lalace, a dawo mako mai zuwa. Kuma a layin wannan ɗaki kowa ya gan ka ya san abin da ya kawo ka. Ba wanda ya amsa masa a cikinmu. Da dare muka yi sujadar shiga sabuwar shekara a Kaura, ana ta waƙa da ganga, ni bakina ya ƙi buɗuwa.

A nan zan ɗan tsaya in yi wa ɗalibai bayani, don kada wani ya karanta wannan ya ce ashe Zamfara cike take da ƙanjamau. Ba haka ba ne. Babban binciken da aka yi gida-gida a 2018 ya nuna cewa a Nijeriya duka, cikin masu shekara 15 zuwa 49, kashi 1.4 cikin ɗari ne ke ɗauke da ƙwayar cutar, wajen mutum miliyan 1.9 ke nan in an haɗa kowa. A shiyyar arewa maso yamma kashi 0.6 ne kawai, alhali jihohi irin su Binuwai da Akwa Ibom suna wajen kashi biyar. Mu da muka je taimako, daga inda ciwon ya fi yawa muka fito. Sai dai ƙarancin nan shi ma yana da nasa sharri. Inda masu ciwon ke da yawa, akwai ƙungiyoyinsu, akwai wadda za ta ce miki ni ma shekarata goma ina sha, dubi 'ya'yana. Yarinyar nan kuwa ba ta taɓa ganin mai ciwon da ya rayu ba.

Ranar Alhamis muka je Shinkafi, ranar kasuwa, kasuwar da ake zuwa har daga Nijar. A bakin kasuwa na ji mai maganin gargajiya da lasifika a kan mota yana lissafa cututtukan da garinsa ke warkarwa, basir, shawara, sanyi, har da wanda likitoci suka ce ba ya warkewa, mutane kuwa suna miƙa kuɗi. Da yamma muna haɗa kaya sai wani mutum mai kamala, da babbar riga, ya matso wurin likita kamar mai tambayar hanya. Ya ciro wata roba daga aljihu, an kankare takardar jikinta, ya ce ko muna da irin wannan. Shekararsa huɗu yana sha. Can Sakkwato yake zuwa karɓa, ba don babu kusa ba, sai don kada ya haɗu da wanda ya san shi. Wannan watan bai sami kuɗin mota ba, kwana goma sha biyu ke nan bai sha ba. Ba mu da shi, don ba a ba da irin wannan magani sai a cibiyar da aka yi wa mutum rajista. Likita ya yi masa bayani cewa fashi yana ba ƙwayar cutar dama ta saba da maganin har ya daina yi mata aiki, ya kuma ba shi kuɗin mota daga aljihunsa. Mutumin ya karɓa yana waige-waige. Kada mu yi saurin cewa wannan halin can ne. A ikilisiyoyinmu muna tilasta gwaji kafin aure, abu mai kyau, amma sau nawa sakamakon ya fita daga ofishin fasto ya riga ango da amarya isa gida?

Mun dawo ranar 4 ga Janairu. Lahadi ta kewayo aka ba mu minti ashirin a majami'a, ni na karanta rahoto daga rajistata: mutum kaza aka duba, gidan sauro kaza aka raba, mutum kaza suka roƙi addu'a. Aka yi tafi, aka yi guɗa. Ban ce ƙarya ba ko ɗaya. Amma rajistar tana da gurbin suna, da gurbin ciwo, da gurbin maganin da aka bayar, ba ta da gurbin abin da ya faru daga baya. Ba ina rena irin wannan tafiya ba ne, yarinyar amalanke tana raye saboda motarmu. Abin da nake cewa shi ne, maganin tsutsa ana ba da shi a wuce, amma wanda ya gaya wa mutum yana da ƙanjamau ya ɗaura wata igiya tsakaninsu, ko ya sani ko bai sani ba. Mu mun ɗaura, muka hau mota.

Bayan mako biyu na kasa haƙuri, na nemi lambar malamin asibitin wurin faston Kaura. Sai ya hau wani tudu bayan gari kafin waya ta shiga. Ya ce ya kai ta sau ɗaya a kan babur ɗinsa, da sunan awo, an fara ba ta magani. Na tambaye shi kuɗin mai nawa ne, ya yi ta kaucewa, da ƙyar ya faɗa. Daga wannan wata na fara aika masa ɗan abin da ya samu daga albashina ta hannun fasto, daga baya mata uku na zumunta suka shigo, ba tare da sun tambayi sunan kowa ba. Amma kuɗi shi ne ƙaramin abu a cikin aikin. Shi ne ya yi wata biyu yana lallashin mijin, har ya haɗa da limamin garin, wanda ya yi wa mutumin nasiha a keɓe cewa neman magani wajibi ne kuma rufin asirin iyali yana wuyansa. Mijin ya yarda aka auna shi da uwargidan. Abin da aka gani nasu ne, ban tambaya ba, na riga na koyi darasi. Abin da na sani shi ne bai sake ta ba.

Ta haihu a ƙarshen Maris na 2014, namiji, a asibiti. Aka ba jaririn maganinsa na ruwa har mako shida, sa'an nan aka ɗiga jinin diddigensa a takarda aka aika gwaji can nesa. Sakamakon ya yi wata biyu bai dawo ba. Da ya dawo, babu. Aka sake aunawa yana da shekara ɗaya da rabi, bayan an yaye shi, babu. Ranar da malamin ya bugo ya gaya mini ina tsakiyar darasi da 'yan aji biyu, na fita baranda na zauna a ƙasa. A makon nan ne na je na yi gwajin da na yi shekara goma sha bakwai ina tsoro, tun wankin kwanonin yayata, ko da yake na daɗe da sanin cewa kwano ba ya ba da ciwo.

Abubuwa sun yi sauƙi ta wani gefen. Tun 2016 ƙa'ida ta zama duk wanda aka samu da ƙwayar cutar a fara ba shi magani nan take, ba sai an jira garkuwarsa ta faɗi ba. Akwai wanda ake shan ƙwaya ɗaya a rana, ana kuma ba mutum na wata uku ko shida a tafiya ɗaya. Mai shan magani ba fashi har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini, ba ya sa wa matarsa ko mijinta. Amma ta ɗaya gefen hanya ta rufe. 'Yan bindiga suka mamaye dazuzzukan Zurmi da Shinkafi, hanyar da muka bi muna waƙa ta zama wurin tare motoci. A 2018 malamin ya ce mini yanzu ba ya fita da babur sai ya tambayi labarin hanya, wani watan ma ba ya fita sam. A watan Satumba na 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a jihar duka saboda yaƙi da 'yan bindiga, makonni da yawa ba kira ba saƙo. Da aka buɗe, lambarsa ba ta ƙara shiga ba.

Ina bin labarin yankin a rediyo kamar mai ɗa a can. A watan Yuni na 2024 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, wadda ke aiki a asibitocin Shinkafi da Zurmi, ta auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara biyar tare da ma'aikatar lafiya, ta tarar kashi 27 cikin ɗari suna fama da tamowa. A watan Janairu na 2025 kuma gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙasashen waje, alhali shirinta na PEPFAR, wanda aka kafa a 2003, shi ya daɗe yana ɗaukar babban kaso na kuɗin maganin ƙanjamau a ƙasar nan. Cikin watan da ya biyo baya gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 4.8 don sayen maganin. Duk lokacin da na ji irin wannan labari, lissafin malamin nan nake yi, na kabu-kabu da mota da 'yar rakiya.

Sau ɗaya na ƙara jin muryarsa, cikin azumin 2023, da wata baƙuwar lamba. Ya ce yana Kaura wurin ƙanensa, ƙauyen ya watse, an ƙone rumbuna, asibitin sha-ka-tafi ya zama wurin kwanan awaki. Na tambaye shi yarinyar. Ya ce rabonsa da ita tun suna gudun hijira a wata makarantar firamare a cikin Zurmi, ita da yaron, yaron ya yi wayo har yana tallar ruwa. Na ce magani fa? Ya ce ranar dai ta nuna masa roba, da saura a ciki. Na ce in ya sake ganinta ya ba ta lambata. Ya ce to, in Allah ya sa.

Rajistar tana nan cikin akwatina, sunanta yana shafi na goma sha huɗu, gaban sunan an rubuta ƙarancin jini da rubutuna. Mata ukun nan har yanzu suna kawo nasu kowane ƙarshen wata, muna aika wa faston Kaura, yana biya wa masu zuwa karɓar magani kuɗin mota, ba ya tambayar addininsu, mu ma ba ma tambayar sunansu. Yaron kuwa, in yana raye, sa'an 'yan aji ɗayanmu ne.